Matafiyi da Sabis ɗin Waya a Karkara

Ka sani, ya kai mai karatu, tun daga shekarar 2001 da kamfanonin MTN da Econet, wanda yanzu ake kira Airtel, suka fara sayar da layukan wayar hannu a Nijeriya, Glo kuma ya biyo bayansu a 2003, waya ta shiga cikin guzurin matafiyi, har ta kai ga mutumin Toranke da zai kai shanu kasuwar Wudil ranar Juma'a, ko ɗan ci-rani mai nufin Kudu, ko makiyayin da zai dosa dajin kan iyakar Jigawa, ba wanda hankalinsa ke kwanciya sai ya ji ta a aljihu. Sai dai da yawa daga cikinmu sun ɗauki samun sabis a kan sa'a ce kawai, alhali kuwa al'amarin yana da sababi, wanda ya fahimci sababin kuma ba ya rasa dabara.

Asalin abin shi ne dogon ƙarfen nan da ake kafawa a garuruwa, wanda jama'a ke kira ƙarfen sabis. Da shi wayarka ke magana, shi kuma ya miƙa maganar gaba. Misalinsa kamar muryar ladan ce: maƙwabcin masallaci yana jin ta sarai, wanda ke gona can nesa yakan tsinci kaɗan, wanda kuwa ya gangara kwari ko ya shige ƙuryar ɗaki mai kaurin bango ba ya jin kome. Kowane kamfani da nasa na'urorin, shi ya sa za ka ga layin abokin tafiyarka yana shiga naka ya ƙi, kuna zaune kan benci ɗaya. Ƙarfen kuma da wuta yake aiki, galibi ta janareta, saboda haka in mai ya ƙare ko inji ya lalace, sai gari guda ya wayi gari ba sabis. Akwai kuma illar cunkoso, domin ranar kasuwa, sa'ad da dubban mutane suka taru ƙarƙashin ƙarfe ɗaya, sai ka ga alamar sabis a cike amma kira ya ƙi tafiya.

To, tun da sababi ya bayyana, abu na farko da ya wajaba ga mai tafiya shi ne ya riƙe layi biyu na kamfanoni dabam-dabam, ya kuma tambayi direbobi a tashar Gaya ko ta Ajingi wane layi ne ke ja a inda ya nufa, gama a wannan mas'ala direban da ke bin hanya kullum ya fi kowane talla gaskiya. In ya isa ya tarar sabis ya yi rauni, sai ya fito fili, ya nemi tudu, ya tsaya wuri ɗaya ba ya kai da kawowa. Amma fa ban da hawa bishiya, balle a lokacin hadari. In kira ya faskara, ya rubuta gajeren saƙo, domin saƙon rubutu yakan ratsa inda murya ta kasa. Mai babbar waya kuma yana iya mayar da ita kan 2G, wanda ya fi 4G yaɗuwa a ƙauyuka, ko ya kashe ta ya sake kunnawa don ta nemi ƙarfe mafi kusa. A kuma lura, wayar da ke ta laluben sabis a inda babu shi tana shan caji ƙwarai, gara a kashe ta har a fita daga wurin. Ni a ganina, ƙaramar waya mai madannai, wadda takan yi kwanaki ba ta nemi caji ba, ta fi dacewa da daji, ko da samari za su yi mata dariya.

Intanet kuwa ta fi kira bukatar sabis mai ƙarfi. Saƙon murya na WhatsApp, in an tura shi a inda ba sabis, yana nan ajiye cikin waya har a isa inda akwai, sa'an nan ya tafi da kansa, don haka ba sai an yi ta maimaita shi ba. Lambobin banki masu farawa da tauraro suna aiki ba tare da data ba, amma duk da haka mai hankali ba ya shiga kasuwar ƙauye ba tsabar kuɗi a jikinsa, ba ya kuma sakin hajarsa sai ya tabbatar kuɗi sun shiga asusunsa. Akwai Starlink, mai ɗauko intanet daga tauraron ɗan'adam, wanda ya fara aiki a Nijeriya a 2023, sai dai tsadarsa ta sa ya fi dacewa da makaranta ko asibiti.

Sauran sharaɗi shi ne na hukuma. Tun ƙarshen 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa, watau NIN, layin da ba a haɗa ba kuwa ana rufe shi. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta kuma daidaita lambobi a dukan layuka: *310# don duba kuɗi, *311# don sa kati, *312# don sayen data, 300 don magana da kamfani, 622 kuma don kai ƙara gare ta in kamfani bai share maka hawaye ba. Kafin ka tashi tafiya, ka rubuta waɗannan a takarda da hannunka, tare da lambobin mutum uku daga cikin iyalinka, ka sa a aljihun da ba na waya ba, domin in wayar ta mutu ko ta ɓata ka iya aron ta wani ka kira gida.