Daidai Rijiya, Daidai Famfo

'Ya'yana masu karatun aikin mai, da ku da kuka fara shiga daji da hular kwano, ina so in yi muku magana a kan rijiyar da ba kowa ke kallonta ba, wato wadda ƙarfinta ya ragu har ba ta iya turo mai da kanta. Kowace rijiyar mai tana tsufa. Ranar farko matsin ƙasa ne ke ingizo ɗanyen mai sama, amma yau da gobe matsin yana sauka, sai an sa mata famfo. Oloibiri, inda aka fara samun mai a Najeriya a 1956, yau shiru take. Agadem ta Nijar da ta fara ba da mai a 2011 ita ma wata rana za ta nemi tallafi. Saboda haka wannan ilimi naku ne.

Kada ku raina ƙaramar rijiya. A Amurka fiye da kashi 70 cikin 100 na rijiyoyinsu ba sa wuce ganga 15 a rana, ganga ɗaya kuwa lita 159 ce. Duk da haka iyalai da ƙananan kamfanoni a Tekzas da Oklahoma suna cin abinci da su shekara da shekaru. Abin da ya riƙe su shi ne sanin iyakar rijiya da kashe kuɗi daidai da ita.

Kun san rijiyar ƙauye a tsakiyar rani. Ruwa na tsattsafowa a hankali, mai gaggawa ya zura babban guga ya ɗebo laka, mai haƙuri ya jira ya taru ya cika tulunsa. Haka rijiyar mai take. Famfo ba ya ƙara wa ƙasa abin da ba ta da shi, abin da ya taru kawai yake ɗagowa. Don haka kafin ku buɗe takardar farashi, ku auna. Ganga nawa take bayarwa, kuma nawa ne ruwa a ciki? Ina man ya tsaya a cikin rijiyar? Ana gane wannan da na'urar da ke aika ƙara ƙasa ta saurari amsa-kuwwa. Akwai yashi? Akwai iskar gas? Man yana da kauri, ko yana daskarewa kamar kaki? Ramin a miƙe yake ko ya karkace? Akwai wutar lantarki a wurin, ko sai janareta?

Ga mafi yawan ƙananan rijiyoyin tudu, famfon sanda shi ne abokin tafiya, wanda kuke gani a hotuna yana sunkuyawa yana ɗagowa. Walter Trout na kamfanin Lufkin ne ya daidaita siffarsa a 1925, kuma har yau bai gaza ba. Kyansa shi ne yana yarda a rage masa gudu, kuma makaniki mai hankali zai iya gyara abin da ke sama da hannunsa. Amma ku tsaya kusa da shi ku saurara. In kun ji wani dum a duk saukar sanda, ku dafa sandar da ke sheƙi a bakin rijiya, za ku ji tana girgiza. Famfon ne bai cika ba, yana faɗowa cikin fanko yana dukan mai. Wannan dukan shi ke tsinka sanduna ya cinye giya. Maganinsa ku rage yawan bugu a minti, ko ku sa na'urar da ke kashe injin ta ba rijiya lokacin taruwa. In ramin ya karkace sosai kuwa, sanda za ta riƙa gogar bututu har ta huda shi.

Famfon lantarki mai nutsewa, wanda Armais Arutunoff ya ƙirƙiro, shi ne ya fi jan hankalin matasa, domin yana zuƙo ɗaruruwa har dubban ganguna a rana. A nan ne nake roƙonku ku yi hattara. Injinsa yana can ƙasa, kuma ruwan da ke wucewa ta jikinsa ne ke sanyaya shi. A rijiyar da ba ta da isasshen ruwa zafi zai ƙone shi, fito da shi kuma sai an kawo babban injin jan bututu. Kuɗin wannan aiki ɗaya na iya haɗiye ribar ƙaramar rijiya ta watanni.

In man mai kauri ne ga yashi, ku duba famfon murɗe na René Moineau Bafaranshe, ƙarfe mai lanƙwasa da ke juyawa cikin roba. Da shi Kanada da Benezuwela ke jan mai mai nauyi. Sai dai robar ba ta son zafi mai yawa, kuma in ya juya babu ruwa nan da nan take ƙonewa. Inda gas ya wadata, kamar yankin Neja Delta, akan tura shi cikin rijiya ya sauƙaƙa nauyin mai ya taso, amma sai da injin matsa gas, wanda ba kasafai ake saya wa rijiya ɗaya tilo ba.

Za ku haɗu da dillalai masu daɗin baki, da shugabanni masu son ganin babban adadi a rahoton wata. Ku amsa musu da ladabi, ku shimfiɗa awonku a gabansu. Ku tambaya: in ya lalace, wa zai gyara, kuma kayan gyaran suna nan ƙasar ko sai an jira jirgi? Ku kuma girmama tsohon ma'aikacin da ke zagaya rijiyoyi kowace safiya, domin kunnensa ya san abin da kwamfuta ba ta nuna ba tukuna.

Dukiyar da ke ƙarƙashin ƙasa amana ce. Rijiyar da aka rufe da wuri saboda kuskuren zaɓi, da wuya a sake buɗe ta, man da ya rage kuma ya tafi ke nan, tare da albashin mutanen da ke rayuwa a kanta. Ku zama injiniyoyin da rijiya ke daɗewa a hannunsu. Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare ku a bakin aiki.