Kifin Ma Yana Da Darensa

Ɗana, tun ranar da ka kawo akwatin gilashin nan na kifin ado daga kasuwar Mubi ka girke shi a shagonka nake lura da kai. Yara suna tsayawa kallo, manya ma suna rage tafiya. Ka tambaye ni wane dogon ƙwan lantarki ya dace ka ɗora masa. Zauna in faɗa maka abin da na sani.

Dogayen ƙwayayen nan na fulorasan iri uku ne aka fi samu: T12, T8 da T5. Lambar kaurin ƙwan take nunawa. T12 shi ne mai kaurin nan na ofisoshin da, milimita 38. Yana cin wuta, haskensa bai kai cinsa ba, ka bar shi. T8 kaurinsa milimita 26 ne, shi ya fi sauƙin samu, kuma ya wadaci akwati marar zurfi irin naka. T5 siriri ne, milimita 16, amma haskensa ya fi ratsa ruwa. Wanda ya shuka ciyayi a akwati mai zurfi shi ke bukatarsa. Ƙaramin nan mai murɗe da ake sa wa ɗaki kuwa, wuri ɗaya yake haskawa, sai ƙaramin akwati.

Duba jikin kwalin kafin ka biya. In ka ga 6500K, wannan fari ne kamar hasken hantsi, shi ya dace da kifin ruwan daɗi da ciyayinsa. Mai 2700K ja-ja ne, zai mai da ruwanka kamar shayi. Shuɗin nan da ka ce ya burge ka an yi shi ne don halittun teku, mu kuwa ruwanmu na kogin Yedzaram ne da rijiya.

In wuta ta yi ƙasa, ƙwan da ke aiki da cok da sitata sai ya dinga ƙyafta ido, kifi ya firgita. Nemi mai cok na zamani, ko ka tara kuɗi ka koma LED da sola. Araha ba ta ado. Kuma a Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke gasa Mayo Bani, ka ɗaga ƙwan daga saman ruwa, ka bar wa iska hanya, don ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar da kifi ke shaƙa da yawa. Ƙwai in ya shekara, haskensa ya ragu ko da idonka bai gani ba. In ya mutu kada ka bar yara su fasa shi, akwai zaiba a cikinsa, guba ce.

Babbar maganata ita ce wannan. Na ga kana barin fitilar har asuba don masu wucewa. Ka ga koren da ya fara hawa gilashin? Ruwa ba ya tsami banza. Gansakuka ce, yawan haske ke ciyar da ita. Awa 8 zuwa 10 sun isa. Kifi ba shi da fatar ido da zai rufe, duhu ne kaɗai hutunsa. Tambayi masu ƙyanƙyasar tarwaɗa, za su gaya maka rufe 'ya'yan kifinsu suke yi, don a duhu suka fi natsuwa da girma.

Duk abu mai rai da ka killace, amana ce a wuyanka, ka san hadisin matar da aka azabtar saboda ta kulle kyanwa. Wanda ke cikin ruwan shi ya kamata ka fara dubawa kafin mai kallo. In ka idar da Isha'i, kashe masa fitila kamar yadda kake kashe taka. Allah Ya sa albarka a shagon.