Maitama da Dare: Me Kuɗin Gwamnati Yake Saya wa Marar Wurin Kwana?

Wanda ya bi titunan Maitama da rana zai ga ofisoshin jakadanci da manyan gidaje masu dogayen katangu. Amma bari mai karatu ya koma da tsakar dare, ya leƙa cikin gine-ginen da ba a gama ba. Zai tarar da leburori, da masu wankin mota, da 'yan talla, kowa a kwance bisa kwali, kuma da yawansu su ne suka yini suna yi wa unguwar hidima. Nazarinmu na wannan fitowa a kansu yake: in gwamnati ta fitar da kuɗi da sunan irin waɗannan mutane, me kuɗin nan yake saya?

Mu soma da doka. Sashe na 16 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora wa gwamnati ta tsara manufofinta yadda kowane ɗan ƙasa zai sami matsuguni da abinci. Sai dai sashen yana cikin Babi na 2, sashe na 6 kuwa ya hana kotuna tilasta wa gwamnati cika abin da ke cikin wannan babi. Wato alkawari ne wanda ba a kai ƙara a kansa. Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992 ma bai kai ga marar gida ba, gama an gina shi a kan cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci, mai kwana a kango kuwa ba shi da albashin da za a cire. Saboda haka rabonsa ya rataya ga kasafin kuɗin shekara, da halin wanda yake kan kujera.

To, yaya halin ya kasance? Tun da aka komo da gwamnati Abuja a ranar 12 ga Disamba 1991, birnin yake jawo ma'aikatan da ba a tanadar musu wurin zama ba, suka kakkafa unguwanni a gefe. Tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake Ministan Abuja, aka rushe da yawa daga cikinsu, har ƙungiyar kare haƙƙin matsuguni ta COHRE ta ƙiyasta cewa mutum fiye da 800,000 ne abin ya shafa. Mpape, maƙwabciyar Maitama, ita ma an sa ta a layi a 2012; mazaunanta suka garzaya kotu, a 2017 aka yanke hukunci cewa rusau ɗin ya saɓa wa doka. A Oktoban 2024 kuma Minista Nyesom Wike ya ba mabarata wa'adi su bar titunan birnin. Waɗanda aka kama akan kai su cibiyar gyaran hali da koyon sana'a ta Kuchiko a Bwari, daga can a mayar da wasu jihohinsu.

Ba mu musun cewa birni yana bukatar tsari, kuma akwai miyagu da suke fakewa da bara. Amma mu lura, kame ba kyauta ba ne. Akwai motoci, da mai, da jami'ai, da ciyarwa, da kuɗin hanya. Bayan 'yan makonni kuwa sai ka sake ganin masu bara a mahaɗar tituna, domin yunwar da ta koro su tana nan. Kuɗin ya sayi kawar da ido, bai sayi ɗaki ko ɗaya ba.

Ƙasar Finlan ta ɗauki wata hanya a 2008. Ta ce a ba mutum ɗaki nasa tukuna, sa'an nan a bi da magani da neman aiki, gwamnati kuma ta zuba kuɗi ta hannun hukumomin birane da ƙungiyoyin jin ƙai. Cikin shekara 15 yawan marasa gida ya ragu da fiye da rabi. Gaskiya ne jama'arsu duka ba su kai miliyan 6 ba, amma abin koyi a nan ba yawan kuɗin ba ne, inda aka nufa da shi ne.

Wani zai ce, ai taimakon jama'a ya isa. 'Yan'uwa, mu dubi Durumi da New Kuchingoro, inda waɗanda suka tsere daga Gwoza da kewaye suka yada zango tun 2014. Ikkilisiyoyi da masallatai da zumuntar mata sun kai shinkafa da barguna, Allah ya sāka musu. Amma baiko ba ya ba da fili, gama ƙasar Abuja duka a hannun Gwamnatin Tarayya take, Minista ne yake rabawa.

Abuja ba ta da majalisar jiha; Majalisar Tarayya ce take amincewa da kasafinta, birnin kuma yana da sanata 1 da 'yan majalisar wakilai 2, Maitama tana cikin mazaɓar AMAC da Bwari. Ajin nazari na kowace ikkilisiya yana iya rubuta wa wakilinsa wasiƙa ya tambaya: nawa aka ware wa Sakatariyar Walwalar Jama'a ta Abuja, nawa ne ya fito a zahiri, kuma nawa daga ciki ya tafi ga wurin kwana, ba ga kame ba.