Yadda Ɗalibin Musaya Zai Yi Zangon Karatu a Birnin Bolonya

Duk ɗalibin da ya ƙudura niyyar zuwa Bolonya ta ƙasar Italiya, inda jami'ar da ta fi kowace daɗewa a Turai take, wadda ake lissafin kafuwarta tun daga shekarar 1088, lalle ne ya san cewa shi baƙo ne wanda makaranta ta aika wa makaranta, kuma muddin babu yarjejeniya a rubuce tsakanin biyun, ko ta shirin Erasmus ko ta wata hanya, to, wahalarsa duka ta tashi a banza. Saboda haka farkon abin yi shi ne ya je ofishin hulɗa da ƙasashen waje na jami'arsa ya bincika, tun tafiya tana da sauran kusan shekara guda.

Idan Allah ya sa aka zaɓe shi, sai ya rubuta darussan da zai ɗauka a takardar yarjejeniyar karatu, wadda shi da jami'o'in biyu za su sa wa hannu. A ƙa'idarsu zango ɗaya nauyin kiredit 30 ne, kowane ɗaya kuwa daidai yake da aikin sa'a 25. Kada ya kuskura ya bar gida alhali shugaban sashensa bai sa hannu ba, gama wanda ya yi sakaci a nan yana iya komowa da sakamako mai kyau a ce ba a san da shi ba. Daga nan sai neman biza a ofishin jakadancin Italiya, irin wadda ake kira D, ta mai zaman da ya wuce kwana 90, ya tafi da takardar gayyata da hujjar guzuri da inshorar lafiya da shaidar masauki.

Masaukin nan shi ne babbar jarrabawa kafin jarrabawa, domin ɗalibai sun yi wa garin yawa, har ya zama sau da yawa gado ake haya a ɗakin mutum biyu. Ya fara nema da wuri, kada kuma ya aika wa kowa kuɗin kafin alƙalami bisa ga hoton da ya gani a intanet.

Da saukarsa, shari'ar ƙasar ta ba shi kwana 8 na aiki ya nemi izinin zama, watau permesso di soggiorno. Zai karɓi ambulan takardun a gidan waya, ya sayi kan sarki na yuro 16 a kantin masu sayar da taba, ya cika, ya mayar, sa'an nan a ba shi rasit da ranar da zai je Questura, hedkwatar 'yan sanda, a ɗauki zanen yatsunsa. Rasit ɗin nan ya adana shi tare da fasfo, don shi ne hujjarsa har katin ya fito, katin kuwa ba ya gaggawa. Haka nan ya nemi lambar haraji, codice fiscale, wadda in babu ita ƙulla haya ko buɗe asusun banki sai ya gagara.

Amma abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne jarrabawarsu, wadda da yawanta da baki ake yi: ɗalibi ya zauna gaban malami, sauran ɗalibai na saurare, a yi masa tambaya ya warware mas'ala da harshensa, tamkar mai biya karatu a zaure gaban shehinsa. Maki 30 ne iyaka, 18 ne mafi ƙarancin ci, wanda ya yi fice kuma a ƙara masa yabo a kan talatin. Abin sha'awa, a yawancin darussa ɗalibi yana da ikon ƙin karɓar makin da bai gamshe shi ba, ya sake zama a wani zagaye; sai dai baƙo mai ƙididdigaggen lokaci, a ganina, ya fi masa alheri ya shiga zagayen farko. Ya riƙa maimaita karatu da murya, ya kuma lazimci kiran malami da Lei, lafazin girmamawa, har sai malamin da kansa ya sauƙaƙa masa.

Batun abinci ma yana bukatar hattara ga Musulmi, domin Bolonya garin mortadella ne, watau wani irin sarrafaffen naman alade, miyar naman da suke zuba wa taliya galibi da naman alade a ciki, har wani burodin ma da kitsensa ake kwaɓawa. Ya haddace kalmomi biyu, maiale da strutto, watau alade da kitsen alade, ya duba su a jikin kowane ƙunshi. Mahautan halal kuwa zai same su a unguwar Bolonyina, bayan tashar jirgin ƙasa.

In zango ya ƙare, kafin ya ɗaure kaya, ya tabbata kowane malami ya shigar da makinsa a rajista, ya karɓi shaidar ranar tashinsa daga ofishin ɗaliban musaya, ya kuma tambaya ta wace hanya za a aika wa jami'arsa da takardar sakamakon.