DARASI: ZAƁEN TOCILA MAI ARAHA DOMIN GIDA DA FARAUTA

'Yan'uwa, darasinmu na wannan fitowa a kan ƙaramin abu ne wanda kusan kowane gida yana da shi, wato tocila. Wani zai ce me ya kai tocila cikin darasi? Dalili shi ne, a yawon da muke yi ƙauye ƙauye, da wuya mu shiga gidan da ba mu tarar da matattun tociloli biyu ko uku a kan taga ko ƙarƙashin gado ba. Kowace ɗaya kuɗi ne aka fitar daga bakin yara. Abin da ya fi wannan kuma, yawanci ranar da ake matuƙar bukatar tocila ita ce ranar da takan ƙi kamawa.

Abin da ke cikin duhu

A yankunanmu babban haɗarin tafiyar dare shi ne maciji, musamman kububuwa, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa. Gajeriya ce, yawanci ba ta wuce tsawon hannun babban mutum ba, launinta kuma ya saje da ƙasa da busasshen ganye. Takan fito da almuru da dare, ta kan kwanta a kan turba ko gindin damin hatsi. Dafinta yana hana jini daskarewa, shi ya sa wanda ta sara zai iya jin sauƙi a ranar farko, daga baya jini ya fara fita ta dasashi ko ta tsohon ciwo. Asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo a Jihar Gombe da cibiyar lafiya ta Zamko kusa da Langtang a Jihar Filato sun daɗe suna karɓar irin waɗannan majinyata, kuma sukan fi cika lokacin shuka da lokacin girbi. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su.

Mace mai zuwa bayan gida da tsakar dare, yaro da aka aika ya rufe akurkin kaji, 'yan mawaƙa masu komowa daga koyon waƙa, manomi mai zuwa korar dabbobi daga gona, duk ƙafarsu tana ƙasa ɗaya da kububuwa da kunama. Saboda haka tambaya ta fari game da tocila ita ce: za ta kama a duk lokacin da aka danna ta, ta kuma nuna abin da ke gaban ƙafa? In ta kasa wannan, sauran adonta banza ne.

(In tsautsayi ya faru, kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure ƙafar tamau. A cire zobe ko munduwa, a hana mutumin tafiya da ƙafa, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar maganin dafi ba tare da ɓata lokaci ba.)

Kuɗin saye daban, kuɗin ciyarwa daban

Tocila kamar akuya ce, bayan an saye ta sai an ciyar da ita. Yawancinmu muna duba kuɗin da mai kaya ya faɗa ranar kasuwa, ba ma lissafin abin da za ta ci cikin shekara. Bari mu yi lissafi da misali. Farashin da ke nan na misali ne kawai, kowa ya sa na kasuwarsu.

A ce Baba ya sayi tocila mai manyan batura biyu a kan naira 1,500. Yana amfani da ita kowane dare, yana sayen batura na naira 500 duk mako biyu. Sau 26 ke nan a shekara, wato naira 13,000. In an haɗa da kuɗin tocilar, ya kashe naira 14,500. Maƙwabcinsa ya daure ya sayi mai caji a kan naira 7,000, yana kai ta wurin mai cajin waya sau ɗaya a mako a kan naira 100, wato naira 5,200 a shekara. Jimla naira 12,200. A shekara ta biyu, in tocilar tana da rai, Baba zai sake fitar da naira 13,000, maƙwabcin kuwa naira 5,200 kawai. In akwai ƙaramin farantin sola a gidan, ko wannan ma ba zai biya ba.

Amma mu lura da kalmar nan "in tana da rai". Nan ne mu kanmu muka taɓa yin kuskure. Akwai shekarar da muka saya wa masu aikin sa kai na ƙauyuka kwali guda na tociloli masu caji, irin masu ƙafafu biyu da ake sokawa a bango, domin sun yi araha. Kafin damina ta fita yawancinsu sun daina riƙe wuta. Da muka buɗe ɗaya sai muka ga ƙaramin batirin dalma ne a ciki, irin na babur amma ƙarami. Wannan batir ba ya son a bar shi ya mutu sarai, kuma ba ya son ya kwana biyu a mace. A ƙauyen da sai ranar kasuwa ake samun caji, kullum haka ake yi masa, sai ya lalace da wuri. Laifin ba na masu amfani da su ba ne, namu ne da ba mu tambayi inda za a riƙa cajinsu ba.

Saboda haka kafin mu je kasuwa, mu fara duba abin da ke kusa da mu. In akwai sola a gida ko a maƙwabta, ko mai cajin waya a ƙauyen, mai caji ta fi. In sai an yi tafiyar rabin yini kafin a ga soket, gara mai batir da ake samu a teburin kowane mai tireda, ko kuma fitila mai ɗan farantin sola nata na kanta.

Batura iri iri

Manyan batura da muka saba da su, irin su Tiger Head, da ƙananansu masu alamar AA da AAA, kowanne yana ba da volt 1.5. Masu arahar sukan yi yoyo in sun tsufa, ruwansu ya ci ƙarfen ciki har tocila ta mutu. In za a ajiye tocila ta yi makonni, a zare batura. Kada a haɗa sabo da tsoho, domin tsohon zai janye sabon, kuma shi ne zai fara yoyo. Shanya batir a rana ko cizonsa yakan dawo da ɗan haske na 'yan mintoci, amma ba abin da za a shiga daji da shi ba ne. Tocila mai cin AAA uku tana da kyaun gani da sauƙin ɗauka, sai dai ƙananan baturan nan ba su ɗaukar wuta da yawa, kuma kuɗinsu bai yi ƙasa da na AA sosai ba. A ganinmu ita ce ta fi kowace cin kuɗi.

Tociloli masu caji na kirki yanzu suna amfani da batirin litiyam, irin na wayar hannu. Wanda aka fi samu shi ne mai lamba 18650, dogo kamar yatsa, mai volt 3.7. Ba shi da nauyi, yana jure caji sau ɗaruruwa, kuma in tocilar irin wadda ake buɗewa ce, ana iya canza batirin kaɗai in ya gaji. A nan ma akwai yaudara. Na gaskiya mafi ƙarfi ba ya wuce wajen 3,500 mAh. In kuka ga an rubuta 6,800 ko 9,900 a jikinsa, ƙarya ce, kuma sau da yawa irin waɗannan ba su kai rabin na gaskiya ba. A auna a hannu, na jabu yakan yi sakayau. Batirin litiyam ba ya son zafi. Kada a ajiye shi kusa da murhu ko a ƙarƙashin kwanon rufi da rana, in kuwa ya kumbura a daina amfani da shi nan take, domin yana iya kama wuta.

Matattun batura kowane iri kada a bar wa yara su fasa su yi wasa, musamman na dalma. Mun tuna yadda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Jihar Zamfara a 2010. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma ƙarfen ɗaya ne, illarsa ga ƙwaƙwalwar yaro kuma ɗaya ce.

Haske nawa ya isa?

Tsohuwar tocila mai ƙwai mai zare a ciki ta kusa ɓacewa, kuma ba ma kewarta. Ƙwan LED yana ba da haske mai yawa da wuta kaɗan, ba ya kuma ƙonewa don an yar da tocila. Ana auna haske da abin da ake kira lumen, za ku gani a rubuce a kwali. Domin ɗaki, kicin da tsakar gida, lumen 20 zuwa 50 ya isa. Domin hanya da gona, 100 zuwa 300. Ƙaramar tocilar aljihu da aka rubuta mata lumen 10,000 ko 50,000 tallar baki ce kawai. Ko tocilar da ke da ƙarfi na gaske, in aka bar ta a kan mafi ƙarfin haskenta za ta yi zafi ta shanye batir cikin ɗan lokaci. Abin da ya fi amfani shi ne tocila mai mataki biyu ko uku, ƙaramin haske domin yawancin aiki, babba domin lokacin da aka ji motsi.

A duba kwanon da ke bayan ƙwan. Mai zurfi yana harba haske siriri zuwa nesa, mai faɗi yana baza shi kusa. Siririn haske yana burge samari a kasuwa domin yana kaiwa kan bishiyar da ke ƙetaren rafi, amma mai riƙe da shi ba ya ganin abin da ke gefen ƙafarsa. Ta gida ta zama mai bazawa.

Maharba

Bukatar maharbi ta bambanta. Hannuwansa biyu suna da aiki, saboda haka ta goshi ce ta dace da shi. Akwai kuma wani dalili da tsofaffin maharba suka sani tun zamanin fitilar kabaid: idon zomo, gada ko gyazbi yana mayar da haske ne kai tsaye zuwa inda ya fito. In fitilar tana kusa da idonka za ka ga ƙyallin, in tana hannu a wajen ƙugu za ka iya wucewa ba ka gani ba. A nemi mai igiya mai ƙwari, mai kan da ake iya sunkuyar da shi ƙasa, mai batirin da zai kai asuba a kan matsakaicin haske. Wasu suna da jan haske. Amfaninsa shi ne ba ya kashe ido. Idon mutum yakan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, farin haske mai ƙarfi kuwa yana ɓata wannan cikin ƙiftawa ɗaya. Kuma kowane maharbi ya sa ƙaramar tocila ta biyu a aljihu, ko da mafi araha ce.

Dole mu faɗi abu mai nauyi a nan. Ƙyallin ido biyu ba ya gaya maka ko na wane ne. Akuyar maƙwabci, kare da ɗan maraƙi duk idonsu yana ƙyalli. Mutum kuma da ya tsuguna a ciyawa ba ya ƙyalli kamar dabba, sai dai ka ga motsi. Iyalai da dama sun shiga baƙin ciki da shari'a saboda harbin da aka yi kafin a ga jikin abin. Tocilar maharbi dole ta iya nuna dukan jikin dabba a nisan da bindigarsa ke kaiwa, in ba ta nuna ba kada ya harba. A wannan zamani na rashin tsaro kuma, haske mai yawo a daji da dare yana iya sa 'yan banga ko jami'an tsaro su ɗauke ka wani abu dabam. A sanar da mai unguwa da 'yan banga kafin a fita. Farauta a wuraren da aka keɓe, kamar Yankari da Gashaka-Gumti, laifi ne a doka, da tocila ko babu.

A gaban mai kaya

Kada a karɓa a kwali. A buɗe, a kunna, a kashe sau goma. Makunni shi ne abin da ya fi saurin lalacewa, in yana yi wa yatsa gardama tun a shago, ba zai kai girbi ba. A kunna a buga ta a tafin hannu, in hasken yana rawa, haɗin ciki bai zauna ba. A kwance murfin baya a ga ko akwai zoben roba da ke hana ruwa shiga, a duba sifirin ko ya yi tsatsa. In an rubuta IPX4, tana jure yayyafi da fantsamar ruwa. IPX7 tana jure faɗawa ruwa mai zurfin mita ɗaya na rabin awa. Irin wadda ake ja da turawa domin ƙara faɗin haske takan shaƙi ƙura da danshi ta wurin da take zamewa. A fi son mai caji da irin igiyar wayar da ke gidan, domin in tata ta ɓace ba za a rasa wata ba. Ga fitilun sola, akwai tsarin gwajin inganci da ya samo asali daga shirin Lighting Africa na Bankin Duniya da IFC wanda aka fara a 2007, yanzu ana kiransa VeraSol. Kamfanoni irin su d.light da Sun King suna da kayan da suka bi ta wannan gwaji, suna kuma ba da garanti. A nemi rasit a ajiye.

Tocilar waya fa? Tana fid da mutum kunya, amma haskenta ba ya nisa, kuma tana cinye cajin da za a kira mai babur da shi in an sami matsala. Kada gida ya dogara da ita. Kuma in maigida ya tafi daji da tocila ɗaya tilo ta gidan, matarsa da yara ne suka kwana a duhu. In kuɗin bai kai na biyu ba, ta gida ce farko. A ba ta wuri ɗaya, ƙusa a bakin ƙofa, inda ko yaro zai lalubo ta.

Aikin rukuni

A taronku na gaba, zumuntar mata da ta maza da matasa, kowa ya zo da tocilar gidansu bayan faɗuwar rana. A sami tsohuwar igiya mai launin ƙasa, tsawon kamu ɗaya, wani ya ajiye ta cikin ciyawa a gefen turba ba tare da sauran sun gani ba. Kowa ya bi turbar da tocilarsa, a ƙirga taku nawa ya rage kafin ya hango igiyar. Sakatare ya rubuta irin tocilar, kuɗin da aka saye ta, watanni nawa ta yi, da abin da take ci a wata. Ku ba ma'aikacinmu takardar idan ya zo zagaye, za mu haɗa na ƙauyuka mu buga a fitowa ta gaba.