ZABURAR DOKI: ABIN DA HADISI YA NUNA DA ABIN DA SHARI'A TA ƊORA WA MAHAYI

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya hore mana dabbobi, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, darasinmu na wannan mako a kan doki ne, watau abin da ke sa shi ya zabura farat ɗaya, ya yi tutsu ko tabarya, alhali mahayinsa bai ga komai ba. Mutane da yawa in haka ta faru sai su ce aljani ya gani, ko kuwa an yi masa sammu. Wasu kuma su ce iskanci ne kawai, su rufe shi da bulala. To, ya kamata mu auna waɗannan maganganu da ma'aunin ilmi.

Imamu Buhari ya ruwaito labarin Usaidu ɗan Hudairi, Allah Ya yarda da shi, ɗaya daga cikin manyan Ansar. Wata rana da dare yana karanta Suratul Baƙara, dokinsa na ɗaure kusa da shi, sai dokin ya shiga zabura. Da ya yi shiru sai ya natsu, da ya koma karatu sai ya sake, har sau uku. Ɗansa Yahaya kuwa yana kwance kusa, saboda haka ya ji tsoron kada dokin ya taka shi, ya katse karatun ya janye yaron. Da ya ɗaga kai sama sai ya ga wani abu kamar girgije, a cikinsa da wasu kamar fitilu. Da gari ya waye ya ba Manzon Allah (S.A.W.) labari, shi kuwa ya sanar da shi cewa mala'iku ne suka kusato saboda muryarsa. Haka kuma Imamu Muslim ya ruwaito daga Zaidu ɗan Sabitu cewa alfadarar Manzon Allah ta taɓa zabura da shi a wata gona ta Banu Najjar har ta kusa kayar da shi, ashe akwai kaburbura a wurin, kuma ya faɗa wa sahabbai cewa ana jarrabar mutane a cikin kaburburansu.

Waɗannan hadisai ingantattu ne, kuma suna koya mana cewa dabba tana iya riskar abin da mutum bai riska ba. Amma a lura: a duk wuraren biyu, wanda ake yi wa wahayi ne ya bayyana dalilin. Bayansa babu mai ikon ya dubi doki ya yanke cewa mala'ika ko aljani ya gani, balle ya karɓi kuɗin mai doki da sunan zai kore masa. Gaibu na Allah ne. Abin da aka bar mana shi ne binciken sababi na zahiri, kuma shi ne mafi yawa.

Allah Ya halicci doki cikin dabbobin da ake farauta, makaminsa na farko gudu ne. Saboda haka yakan fara tserewa kafin ya tsaya duba abin da ya tsorata shi. Idanunsa suna gefen kai, yana ganin kusan digiri 350 daga cikin 360 na kewayensa, sai dai ba ya ganin abin da ke daidai bayansa da wanda ke dab da goshinsa. Shi ya sa yaron da ya ɓullo masa ta baya ba zato yakan sha harbi. Idonsa kuma yana jinkirin sabawa in ya fito daga haske ya shiga duhu, don haka yake turjewa a bakin zaure ko ƙofar barga. Kunnuwansa suna juyawa kowanne gefensa daban. Kunnen mutum ba ya jin sautin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa guda, na doki kuwa ya haura 30,000. Ashe ke nan sau da yawa abin da mahayi ya ce babu, akwai shi: leda ce iska ta kwaso, ko ƙarar ƙarfe daga nesa, ko warin wata dabba.

Sababi na biyu ciwo ne, kuma shi aka fi gafala da shi. Dokin da aka san shi da natsuwa, in ya sake hali dare ɗaya, a fara duba jikinsa. A ɗaga sirdi a ga ko akwai miki a gadon bayansa, a duba ko majayi ya matse, ko linzami ya yanke masa baki, ko haƙori ya yi kaifi yana sukar kumatu. Ciwon ciki da ciwon ido da cizon ƙuda duk suna sa shi firgita. Idan abin ya ɗore a kira likitan dabbobi. Na uku kuwa kiwo ne: dokin da ake cika wa dawa da dusa, a bar shi a turke kwana da kwanaki ba ƙilisa, ranar da aka hau shi ganye ma ya isa ya zaburar da shi. Haka nan tsoron mahayi yana ratsa doki ta linzami da cinya, kuma in ɗaya ya firgita a cikin ayari saura sukan bi.

To, mene ne magani? Imamu Muslim ya ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta hau wani raƙumi mai gardama tana ta fizgarsa, sai Manzon Allah ya umurce ta da sassauci, ya nuna mata cewa sassauci ba ya shiga abu face ya ƙawata shi. Ya kuma hana dukan dabba a fuska. Masana halin dawaki na yau sun tabbatar da hikimar wannan, domin dokin da aka daka a lokacin firgita yakan haɗa zafin bulala da abin da ya gani, gobe tsoronsa ya ninka. Abin da ke aiki shi ne a zauna daram, a yi masa magana da taushi, a bar shi ya dubi abin daga nesa, sa'an nan a riƙa kusantar da shi kaɗan kaɗan har ya saba. Sannu ba ta hana zuwa.

Saura maganar haƙƙin jama'a. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya kawo a Risala, mai kora dabba da mai janta da mahayinta suna ɗaukar lamunin abin da ta taka. Abin da ta aikata ba da sa hannunsu ba, ko tana tsaye ba a yi mata komai ba, wannan babu biya a cikinsa. Malamai kuma sun bayyana cewa wanda ya tsokani dabba har ta yi ɓarna, alhakin yana kansa. Wannan hukunci ya shafe mu ƙwarai a lokacin hawan salla a Kano da Katsina da Zariya da sauran biranenmu, inda bindiga da kakaki da tambari da cincirindon mutane ke haɗuwa wuri guda. Wanda ya san dokinsa bai saba da ƙarar bindiga ba, ya shigar da shi tsakiyar yara yana zuba masa kaimi, kada ya fake da cewa ƙaddara ce. Haka kuma iyaye su tsawata wa yara masu jifan dawaki ko bi ta bayansu.

Manzon Allah da kansa ya taɓa faɗuwa daga kan doki, gefensa na dama ya kuje, har ya yi salla a zaune, kamar yadda Anas ɗan Malik ya ruwaito. Saboda haka babu wanda ya fi ƙarfin a kayar da shi, kuma ɗaukar matakin tsaro ba ya warware tawakkali. Usaidu yana cikin mafi darajar ibada, amma ya tashi ya janye ɗansa.

Allah Ya sa mu tausaya wa abin da Ya ba mu amana, Ya kiyaye mu daga ɗaukar haƙƙin bayinSa, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.