Kuɗi da 'Yancin Jami'a a Nijeriya: Waiwaye Daga 1962

Gabatarwa

Masu hikima sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wannan maƙala za ta duba yadda wannan karin magana ya dace da tarihin jami'o'in Gwamnatin Tarayya a Nijeriya, wato yadda ikon tafiyar da jami'a ya riƙa bin sawun hannun da ke ba ta kuɗi. Maganar kuwa ta shafi kowane malami da ɗalibi, domin a kanta ne ake sanin wanda zai shugabance su, da abin da zai same su idan suka faɗi ra'ayin da bai gamshi hukuma ba.

Tsarin Mulkin Jami'a

Jami'o'in Nijeriya sun gaji tsarinsu daga Ingila. Akwai Uban Jami'a, wanda aikinsa na girmamawa ne, kamar jagorantar bikin ba da digiri. Akwai Majalisar Gudanarwa mai kula da kuɗi da kadarori da ɗaukar ma'aikata. Akwai kuma Majalisar Dattawa, ta manyan malamai, wadda ke da ta cewa kan manhaja da jarrabawa. Shugaban Jami'a shi ke tafiyar da al'amuran yau da kullum, yana tsaye tsakanin majalisun biyu. A bisansu duka akwai Mai Ziyara, wanda a jami'o'in tarayya shi ne shugaban ƙasa. Hikimar wannan rabo ita ce kada mai riƙe da jaka ya tsoma baki cikin sha'anin ilmi.

Yadda Iko Ya Koma Hannu Ɗaya

Lokacin da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, mallakar Gwamnatin Jihar Arewa ce, Sardaunan Sakkwato kuma shi ne Uban Jami'a na farko. Jami'o'in Ife da Nsukka su ma na jihohinsu ne. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wadda aka kafa a wannan shekara, shawara kawai take bayarwa, sai a 1974 doka ta ba ta cikakken iko.

Arzikin man fetur ne ya canja al'amarin. A 1975 gwamnatin soja ta karɓe jami'o'in Zariya da Ife, ta kuma aza harsashin sababbi guda bakwai a Kano, Sakkwato, Maiduguri, Jos, Ilori, Kalaba da Fatakwal. Naɗin shugaban jami'a ya koma hannun shugaban ƙasa. A 1977 aka soke kuɗin koyarwa ga masu neman digirin farko, a 1978 kuma aka kafa hukumar JAMB ta karɓi aikin tantance ɗalibai. Lalle ne waɗannan matakai sun buɗe ƙofar karatu ga 'ya'yan talakawa da yawa, musamman a Arewa. Amma kuma sun bar jami'a ba ta da wata hanyar samun kuɗi mai ƙwari sai baitulmalin tarayya. Alamar abin da zai biyo baya ta riga ta bayyana tun 1973, sa'ad da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta umarci malamai masu yajin aiki su koma aji ko su fita daga gidajen jami'a.

Rikicin 1978

Da kuɗin mai ya ja baya, sai aka sanar da ƙarin kuɗin abinci da na ɗakin kwana a 1978. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, a ƙarƙashin Segun Okeowo, ta kira zanga-zanga, tana neman Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya sauka. An yi asarar rayukan ɗalibai a Legas da Zariya. Abin lura a nan shi ne, ba majalisun jami'o'i ne suka yanke shawarar ƙarin ba, daga sama ta zo. Duk da haka jami'o'in ne suka ɗauki hukunci: aka haramta ƙungiyar ɗalibai, aka kori wasu malamai, shugabannin jami'o'in Legas da Zariya kuma suka rasa kujerunsu. A shekarar ne aka kafa ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, wadda gwamnatin soja ta haramta a 1988 da kuma 1992. Al'amarin ya kai matuƙa a 1995, lokacin da aka tura Manjo Janar Mamman Kontagora ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello a matsayin kantoma.

Gyare-gyare da Iyakarsu

Gwagwarmayar malamai ta haifar da abubuwa biyu masu muhimmanci. Na farko shi ne Asusun Harajin Ilmi na 1993, wanda ya fara da karɓar kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni, ya koma TETFund a 2011. Na biyu shi ne gyaran dokar jami'o'i na 2003, wanda ya mayar wa Majalisar Gudanarwa ikon naɗa shugaban jami'a. Sai dai gwamnati ce har yanzu ke naɗa shugaban majalisar, ita ce kuma ke biyan albashi. Saboda haka ne rigimar tsarin biyan albashi na IPPIS ta shiga cikin dalilan yajin aikin 2020 da na wata takwas a 2022, kafin a sanar da cire jami'o'i daga tsarin a ƙarshen 2023. A wannan shekara kuwa an rushe majalisun gudanarwar jami'o'in tarayya gaba ɗaya, ba a sake naɗa su ba sai a 2024.

Kammalawa

Abin da tarihin nan ke nunawa shi ne, 'yancin da aka rubuta a doka ba ya tsayawa da ƙafarsa matuƙar mutum ɗaya zai iya buɗe bakin jaka ko ya ɗaure shi yadda ya ga dama. Wannan ba ya nufin gwamnati ta janye hannunta, domin a kan ɗalibai da iyayensu nauyin zai faɗa. Misalin asusun 1993 ya nuna hanya mafi dacewa, wato kuɗin da doka ta keɓe, ba kyautar mai mulki ba. Wajibi ne kuma jami'o'i su tsare gaskiya wajen kashe abin da suka samu, don kada su ba wani hujjar sake ƙwace ragamarsu.